Na Ukun da Yake Na Farko

Gasar kashi uku ce: iyo, keke, gudu.
Biyu na saye su da gumi.
Kekena ya san ramukan hanyar Koko ɗaya bayan ɗaya,
ƙafata ta ci kwaltar Bin Yauri har takalmi ya buɗe baki.
Saura na ukun, wanda shi ake fara yi,
shi ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar ƙurungu.

Bayan asuba ina bakin Kwara,
ni mai ƙirga ƙwayoyi a ɗakin maganin asibitin Yelwa,
shekara arba'in da ɗaya,
gajeren wando, tabaran roba, tumbi ɗan kaɗan.
Lantana 'yata ta riƙe agogo,
tana zaune kan kwale-kwalen da aka kifa,
tana ɓoye dariya a bakin hijabi.

Na faɗa.
Na mari ruwa, ruwa ya rama.
Na ɗaga kai neman iska, ƙugu ya nutse,
ƙafafu suka bi shi kamar an ɗaura musu dutsen niƙa.
Daga turken farko zuwa jarkar da na ɗaure da igiya
taki ɗari ne a ƙasa.
A ruwa kuwa, Makka ce.

Kakale yana gyaran koma, bai ɗago ba:
"Malam, mi ruwa ya yi maka?
Tun jiya kaka bugun shi.
Kihi duk sun tahi Zamare don kai."

Na ce na kalli masu yi a waya,
an ce gwiwar hannu ta hau sama,
an ce a shaƙa bayan bugu uku.
Ya tofar da zaren da ke bakinsa.
Ya miƙo ɗan gora, ya ce in matse tsakanin cinya,
in manta ina da ƙafa.
"Aje kanka awa mai sujada.
Iskan da ka ɗauka ba ajiya ba ne,
ba ruwa shi, sannan ka roƙi wani."

Sai na busa.
Kumfa ta bi kunnena tana magana.
Ɗaya, hannu ya shiga kamar mai zura wasiƙa ƙarƙashin ƙofa.
Biyu, na miƙe har haƙarƙari ya yi ƙara.
Uku, na mirgina, ban ɗaga ba,
ido ɗaya a ruwa, ɗaya ya ga gefen sama,
da wata balbela,
da hayaƙin masu bandar kifi.
Na sha ruwa duk da haka.
Ranar na sha, washegari na sha,
mako uku ina komawa aiki da kogi a hanci,
ina miƙa wa marasa lafiya magani ina atishawa.

Yau Talata.
Ban san inda abin ya sauya ba.
Na ji ƙuguna ya taso da kansa,
ruwa ya sa hannu a cikina ya tallafe
kamar yadda ake ɗaga jariri a wanka.
Na taɓa jarka, na juyo, na sake taɓawa,
ƙirjina bai yi luguden da ya saba ba.

Lantana ta duba agogo, ta yamutsa fuska:
"Baba, ka fi jiya daɗewa da daƙiƙa tara."
Na ce rubuta.

Keke yana jingine da bishiyar giyayya yana jira,
takalmi a rataye a ƙahonsa.
Gasa sai wata biyu, kuɗin mota ma ban haɗa ba.
Na tsaya ina ɗiga,
ina jiran tsoho ya ce wani abu.

Ya ja koma, ya leƙa ciki,
karfasa biyu suna wutsil-wutsil.
"Yau dai," in ji shi, "ba ka kore su ba."